Karin Gwaggo

A zamanin farar hula ta biyu, lokacin da sabulu da madara suka fara ɓuya, wani malamin jami'a ya sauka Sifawa da rikoda a jaka. Bincikensa, wai, shi ne abin da ke sa mutane kuka idan aka rera tsofaffin waƙoƙin wa'azi na ajami, irin na kwanciyar kabari. A Boɗinga aka ce ya neme ni. Sun kyauta kuwa: mutumin da ya yi aji huɗu a elemantare, allonsa ya kai izu biyar, ai ba a tsallake shi a harkar ilimi.

Ya ce, "Malam, batirina na zama ɗaya ne, babu shi a kasuwa. Wa ya fi iya waƙar a garin nan?"

Na gyara hula, na ce, "Ga ka gabanai."

Na san ba haka ba ne. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, makauniya, ita ke da karin na asali, daga bakin kakarta. Tana kaɗin auduga take rerawa. In ta kai inda masu kai gawa ke juyawa gida su bar mamaci shi kaɗai, sai ta sauke murya, mata su jingine taɓarya suna share ido. Ni takardar waƙar kawai na gada. Amma a ce jami'a ta zo gidanmu ta wuce ni?

Bayan La'asar na tara maza ƙarƙashin durumi, na buɗe maƙogwaro. Mutum ɗaya ya yi hawaye, shi ma ciwon ido yake fama da shi. Malamin ya rubuta a littafinsa cikin natsuwa, batir ya mutu, ya yi godiya ya hau mota.

Da na shiga gida Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, na jiya ka tun daga nan. Gwanjo kaka yi ko wa'azi? Taho in gyara ma."

Na ce sai an cire albasa. Aka cire, na ce sai bayan shuka. Ta rasu gero bai fid da kai ba.

Cikin matan da suka saurare ta, ɗaya ta rage, a Lambara take aure. Bayan shekaru na je na rera mata, ko za ta tuna mini karin. Ta saurara har ƙarshe, idonta a bushe, ta ce, "Kalmomin dai su na."