Kujerar Gaba

Shekarun baya, lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, wata Asabar da hantsi muka shirya zuwa Argungu wajen suna. Mu huɗu ne: ni, da mai ɗakina, da 'yarmu wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, sai Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami.

Motata ƙaramar jif ce mai ƙofa biyu. A bayanta benci biyu ne suna kallon juna, babu bel na ɗaure fasinja ko ɗaya. Na taɓa ganin ɗan wani abokin aikina da ɗinki a goshi: an taka birki yana kan cinyar uwarsa, ya daki gilashi. Shi ya sa na nemi kujerar yara, har na samu guda biyu wajen wani Ibo mai kayan gwanjo a unguwar Nasarawa. Ɗaya ta fi kyau, amma makullin bel ɗinta ba ya kamawa. Na ɗauki wadda ta koɗe.

Na so a kafa ta a baya. Mai walda ya ƙwanƙwasa bencin ya ce ƙarfen ba shi da kauri, ko an huda an ɗaure da noti, gargada za ta yage shi. Wuri ɗaya ya rage mai bel, wato kujerar gaba.

Baffa ya fito cikin babbar riga, ya buɗe ƙofar gaba kamar yadda ya saba, sai ya tarar da yarinya a ɗaure tana cin ƙuli-ƙuli.

"A'a, amaryata, wa yaɗ ɗaure ki haka?" Ya yi dariya, ya juyo gare ni. "Kwance ta, ka aza mani ita bisa cinya."

Na duƙa na fara yi masa bayanin birki da gilashi dalla-dalla, kamar mai karanta sanarwa. A zatona duk wanda ya ji hujja zai yarda. Ya bari na gama.

"To ni ina ni ka zamnawa?"

"Baya, Baffa. Na shimfiɗa maka darduma."

"Baya," in ji shi. "Inda kaka aza buhun albasa."

Mai ɗakina ta sunkuyar da kai ta ce mani a hankali, "Malam, don Allah ka bari, na yau ɗai." Maƙwabta biyu da ke zaune a dakali suka juyo suna kallonmu.

Baffa ya miƙo hannuwansa. "Waɗanga su sunka riƙe ka har kag girma. Ka taɓa faɗuwa?"

Na ce, "Baffa, sha'anin mota daban ne."

Ya mayar da ƙofar a hankali, ya gyara hularsa, ya nufi tasha a ƙafa. Na bi shi ina roƙo har bakin titi, bai juyo ba.

Mun isa Argungu lafiya. Ko birki mai ƙarfi ban taka ba, yarinya barci ta yi har muka shiga gari. Baffa ya iso bayan an watse, a bayan a-kori-kura, rigarsa duk ƙaiƙayin shinkafa. Kafin la'asar dangi sun gama yanke hukunci: ɗan boko ya sa ɗiya gaba, ya kori ubansa. Babu wanda ya tambaye ni zancen bel. Na je da dattawa na ba shi haƙuri, ya ce, "Ba komi," ya ci gaba da jan carbinsa.

Har yau ban ga inda na yi kuskure a kan kujerar ba, kuma hakan bai taɓa sanyaya mani zuciya ba. Na kare yarinya daga haɗarin da bai faru ba, don haka ba ni da abin nuna wa kowa. Abin da mutane suka gani da idonsu shi ne tsoho yana tafiya tasha cikin rana.

Baffa ya yi shekaru bayan haka, muna gaisawa. Ranar da ciwonsa ya tsananta aka ce a kai shi asibiti Sakkwato, jif ɗina tana ƙofar gidansa cike da mai. Ya ce a ɗauko masa shatar wata mota.