Neman Gilashin Agogon Motar Baba

Ni da ko Bengou da ke kusa da mu ban taɓa kwana ba, ga ni ranar Talata da ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga Gaya da sakaina a aljihu. Makaniki ne ya yanko ta daidai faɗin agogon gudun tsohuwar motar Baba, kat-san-kat. Gilashin ya fashe tun ina goye, Baba kuma ya rantse ba zai shiga motar da aka gyara masa ba muddin idonta na buɗe. Shekarunsa tamanin da bakwai, ba mu da lokacin gardama.

Malanville

Ƙarfe bakwai kwalekwale ya tsallakar da ni a kan jaka guda. Mai tuƙi ya ga na rufe ido, ya ce, "Kawu, buɗe, kogin ba ya cizo." A kasuwa na nuna sakaina wa mutum tara. Ɗaya ya kawo madubin aski, wata ta ce in maganin ciki nake nema in bi layin baya. Na ci shinkafa da kifi, na kwana wajen ɗan ƙanwata.

Kamba

Laraba da hantsi na dawo Gaya, ban leƙa gida ba don kunya, na hau kabu-kabu. Wani tsoho mai gyaran agogo ya aza sakainar bisa agogon tebur, ta zauna cif. Na ce gilashin kawai nake so. Ya ce shi ba ya raba uwa da ɗa. Na saye duka.

A shingen hanya agogon ya ɓarke da ƙara cikin rigata. Jami'in ya saurari labarina har ƙarshe, ya ce in gaida Baba.

Gida

Da la'asar na iso na tarar da rigima. Ashe zanzaro ya daɗe da gina ɗaki cikin agogon motar, ya tokare allura a kan ɗari da ashirin. Makaniki ya kankare, allura ta faɗo sifiri, Baba ya ƙi cin tuwo.

"Shekara talatin tana ɗari da ashirin a tsaye," in ji shi, "kun taɓa ta kwana ɗaya kun kashe ta."

Na kwaɓa laka, na mayar da allura inda take, muka rufe da gilashin Kamba. Baba ya shiga gaba, makaniki na tuƙi, muka nufi masallaci a hankali, har amalanken jaki ya wuce mu.

"Rage gudu, yaro," Baba ya ce da makaniki, "akwai mutane a hanya."

Na gode wa Allah, na gode wa zanzaro.