Hannun Roba a Kura

An ce mutumin faɗa ya yi da injin casar shinkafa, injin ya yi nasara, ya tafi da hannunsa na dama. Ga shi zaune a wani shago a Kura, ya zuba wa wata na'ura ido. An zana masa hannu a kwamfuta, ita kuma tana narka zaren roba, tana ɗorawa layi kan layi kamar mai ginin tukunya, har yatsu sun fara fitowa.

Ni da bakina ba ya shiru, na ce, "Malam, wannan ko tumatir ba zai tsinka ba."

Bai ko dube ni ba, ya ce, "Iya, ba don gona ba ne. Na gaji da miƙa wa mutane hagu ina ba su haƙuri."