Delbert da Ƙwayar Cutar da Ta Ƙwace Masa Suna

Shekara talatin da ɗaya Delbert Haugen ya yi yana yaƙi da kuregun fako a yammacin jihar Dakota ta Kudu, a Amurka. 'Yan banzan halittu ne masu haushi kamar kwikwiyo, su haƙe makiyaya rami-rami, su aske ciyawar shanu ƙarƙaf. Duk mai garken da suka addaba, Delbert yake kira. Ya san sirrin aikin: a fara zuba musu lafiyayyen hatsi su saki jiki, sannan a kawo mai guba. Bai taɓa gamawa da su ba, amma a shagon kofi na garin kujerarsa daban take.

Sai annoba ta shigo, ƙuma na ɗaukar ƙwayar cutar daga rami zuwa rami. Cikin sati uku makiyayar maƙwabcinsa Arlo ta yi tsit, kuregun cikinta duk sun mutu.

"Delbert, ashe an yi maka ƙane!" in ji Arlo a shagon. "Ba mota, ba bokiti, ido ma ba ya ganinsa. Sati uku kacal, mutumina!"

Aka kwashe da dariya. Delbert ya ture kofinsa. Kishi ne ya turnuƙe shi, kishin abin da ko fuska ba shi da ita. Abin kunya dai!

A gida ya tasa matarsa Marlys gaba. "Kurege fa yana da gida, da 'ya'ya, da mai gadi a bakin rami. Ka yi masa dabara, ya yi maka. Ita wannan ƙwayar cutar me ta sani? Ƙuma ce ma ke goya ta!"

"To ka kai ƙararta mana," Marlys ta ce, tana yanka burodi.

Ramukan da suka rage da rai su ne na bayan tudun gonarsa. Washegari ya samo garin maganin ƙuma, irin wanda ma'aikatan gandun daji, mutanen da ya daɗe yana zagi, ke busawa a ramuka don ceton kuregu. Ya bi ramukan ɗaya-ɗaya, gwiwoyinsa na ƙara.

Arlo ya taka birki a bakin shinge. "Kai! Ceton su kake yi?"

Delbert ko ɗagowa bai yi ba. "Nawa ne. In mutuwa za su yi, a hannuna za su mutu."

Kuregun kuwa suka tsallake. Da lokacin zuba guba ya yi, Marlys ta ga buhun hatsi mai gubar na nan ba a kwance shi ba.

"Sai baɗi," ya ce mata.

Bana shekara shida ke nan yana faɗin haka.