Ranar da na ce rakiya na yo

Matso kusa ki ji, amma kada ki kai wa wancan mai gemun, don har yau bai san uwarshi ta taɓa musun shi a gaban jama'a ba.

Zamanin soja ne, shekarar da hatsi bai yi ba a Kurfai. Ɗana na fari yana da shekara ɗaya da rabi, ya rame, gashin kanshi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura. Sai muka ji likitocin taimako sun kafa tanti a Filinge, suna duba yara kyauta. Ran kasuwa muka hau amalanke daga ƙauyenmu na wajen Tabla, ni da uwar mijina. Ita ta goya shi. A wurinmu ɗan fari na kaka ne. Uwa ba ta faɗin sunanshi, ba ta ce nata ne ba, balle a gaban surukai. Nono ma sai na shige ɗaki nake ba shi.

Likitar wata doguwar mace ce daga ƙasa mai nisa, wani malamin jinya Bazabarme ke yi mata tafinta. Suka naɗa wa yaron wani zaren awo mai launi uku a damtse, ya tsaya kan ja. Tafinta ya ce kwana za ya yi, kuma ba su kwantar da yaro sai da uwar da ke shayar da shi. Gado ɗaya ya rage, bayanmu kuwa mata sun yi layi har bakin hanya.

"Wace ce uwarshi?"

Na duƙufa ina kallon yatsun ƙafata.

"Ke ce, ƙanwata?"

"A'a, ni rakiya na yo."

"To mi ne ne sunanshi, ƴar rakiya?"

"Ban riƙe ba."

Tsohuwa ta gyara goyo ta ce, "Ni ce uwarshi, rubuta."

Tafinta ya dube ta, haƙori biyu ne a bakinta, su ma ba su maƙwabtaka. Ya ce, "Madalla, Inna. Ba shi nono mu gani."

"Kai, ɗan nema. Ubanka ma ya sha ya ƙoshi, ka tambaye shi."

Matan layi suka kwashe da dariya. Likita ba ta yi ba. Ta yi magana a hankali, tafinta ya ce wai in uwar tana gida a tahi a zo da ita, kafin nan za a ba na baya gadon. Na ga wata ta fara kwance goyonta. Yaron ya buɗe ido yana kallona, ko kuka ba ya iyawa.

Bakina ya ƙi Hausa. Sai na tuna ɗan Zabarmancin da na tsinta wajen mata masu sayar da kuka. Na matsa kusa da tafinta na ce, "Ay ize no." Wato ɗana ne. Sunan ma na raɗa mishi, na ja shi irin yadda Zabarmawa ke ja.

Ya rubuta yana cije leɓe. Kwana goma sha wani abu muka yi, madara a kofi kaɗan-kaɗan, sannan wani tunkuzan gyaɗa mai zaƙi a leda, har kumburi ya saɓe, yaron ya fara fizgar mini ɗankwali.

Tsohuwa kuwa, lokacin da na yi maganar, sama take kallo, wai tana duba hadari, a tsakiyar rani. A hanyar gida ta ce, "Ni ban san mi kuka ce da yaron can ba, ba ni jin yarensu." Alhali ita ce matar da ke sa ƴan kasuwar Damana gumi da Zabarmanci in tana tayin akuya.

Har ta rasu ba ta tada zancen ba, ni ma ban sake kiran sunanshi ba. Ke da kika yi lakwal kika sha boko, yanke mana: abin da aka faɗa da Zabarmanci a gaban suruka, an faɗa ko ba a faɗa ba?