Ranar da Na Ga Wuta Tana Ɗiga

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zai kwashe ranar da na ga wuta tana ɗiga kamar ruwan indararo ba. Na fi shekara sittin a gaban murhu. Na hura wuta da kara, da kashin shanu, da ɗanyen kalgo a tsakiyar damina. A lokacin, duk Ɗanzomo ban ga macen da za ta koya mini halin wuta ba.

A shekarar gero ya yi albarka, rumbuna ya cika har wuya. Jinkarsa ta tsufa tana yoyo, sai na aika kasuwar Maigatari aka sayo mini leda mai kauri, aka lulluɓe shi, aka ɗaure da igiyar roba. Murhuna kuwa taku uku ne daga gindinsa.

Jikata, 'yar babban ɗana, wadda ke karatun kimiyya a birni, ta zo hutu. Tana ganin rumbun ta ce ko dai a cire ledar, ko a ɗauke murhun. Wai a makarantarsu akwai ɗakin da ake cinna wa robobi iri-iri wuta, a zauna ana duba yadda take binsu. Na yi dariya har da tafa hannu.

"Wato ubanki ya kai ki boko ne ki koyo ƙona bokiti? Ke da ko tuwo sai ya yi miki gudaji."

Na gaya mata wuta sama take hawa, ba ta sauka, kuma wadda ta kama, tsintsiya ce maganinta.

Ba ta yi musu ba. Bayan la'asar ta ɗaura wayar ƙarfe a tsakar gida, ta rataye karan dawa guda, kusa da shi ragowar ledar nan da ta murɗe kamar igiya. Ta ajiye tasa cike da yashi, ta miƙo mini ashana, ta ce in cinna wa kowanne daga sama da hannuna. Matan maƙwabta sun leƙo ta katanga, ni ko ina ta ƙasaita.

Karan ya ɗan ci, ya yi baƙi, ya mutu. Na dube su na gyara ɗankwali.

Sai ledar. Da fari lanƙwashewa ta yi kamar mai jin kunya, ta yi gumi, wata wuta shuɗiya siririya ta zauna a bakinta. Can sai ɗigo ya faɗo, da wutarsa a jikinsa, yana wani kuka fiit. Wani ya biyo, wani ya biyo. Suka taru a ƙasa suna ci a kan yashi tsura, inda babu ko tsinke, suna malala kamar man shanu a kasko, gida ya ɗauki warin kyandir. Bakina a buɗe, sai tasbihi nake.

Hannu dai ya riga ya saba. Na ɗauki tsintsiya na maka mata.

"Kaka, kar ki doke ta," in ji yarinyar, amma na riga na yi.

Wutar ta manne a tsintsiyar, sauran ta fallatsa. Ɗigo ɗaya ya sauka a ƙafata ya ƙi fita, wani ya faɗa kan harawar da ke gindin rumbun, ta kama. Abincin shekara guda nake kallo, na kasa ɗaga ƙafa. Yarinyar ce ta juye tasar yashin a kai, ta bi da tafin takalmi tana dannewa har hayaƙin ya tsaya.

Kafin magariba na sa an sauke ledar, washegari aka fara saƙa sabuwar jinka. Jikar tawa ba ta ce mini ai na gaya miki ba, man tabo kawai ta shafa mini tana murmushi.

Abin da na koya shi ne, wutar da na sani wutar kayan zamanina ce. Kowane sabon kaya da ya shigo gida da irin cinsa yake zuwa, kuma yanzu ba na jin nauyin tambayar wanda ya zauna ya duba, ko da ni na yi wa uwarsa wankan jego.