Ɗari da Ashirin Bisa Tamanin

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Rano da Kibiya. Mu huɗu ne kacal: shugabanmu da muke kira in-caji, da mai ba da magani, da mai shara, sai ni. Aikina rubuta kati da yi wa mata bayani kan tsafta da abincin mai ciki. Baki kam Allah ya ba ni. In na fara magana, har mai awara ta bakin ƙofa sai ta bar kaskonta ta saurara.

A da in-caji ne ke auna jinin masu ciki ranar awo. Da Shari'a ta kankama, magidanta suka fara aiko da saƙo cewa mace suke so ta riƙa duba matansu. In-caji bai ja ba, dama sauƙi yake nema. Ya turo mini abin awon jini da abin sauraro, ya ce, "Malama, daga yau aikinki ne. Ai kin sha zuwa bita."

Bita kuwa na sha ta. A tara mu a wani zaure a Rano, wani ya zo daga Kano ya cika allo da Turanci, a ci shinkafa da nama, a sa hannu, a karɓi takardar shaida. Shida na tara, har firam na yi wa biyu. Amma ba wanda ya taɓa miƙo mini abin ya ce auna mu gani.

Ranar farko na ɗaura wa wata mata abin a dantse, na matsa iska, na kasa kunne. Ba abin da na ji sai numfashina da kukan akuyar maƙwabta. Matar ta zuba mini ido, irin kallon da ake yi wa wanda ya san aikinsa. Na duba katinta, na ga abin da in-caji ya rubuta a watan baya, ɗari da ashirin bisa tamanin, na kwafa. Ta biyu ma haka. Wani lokaci sai in ɗan rage ko in ƙara don kada abin ya yi kama da juna. Wata biyar na yi a haka. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba, na sani sarai. Kunya ce ta hana ni in ce ban iya ba, ni da ake kira Malama.

Sai aka ce za a turo mai horarwa ta same mu har wurin aiki. Wata Hajiya ce, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya, gajeriya, da tabarau rataye a wuya. Mun share ɗaki mun jera benci, ta ce a kwashe. Takarda ɗaya ta zo da ita, an jera ayyuka a kai, ta ce ba za ta sa wa kowa hannu ba sai ya yi kowane aiki sau uku a gabanta. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wannan tsohuwa neman mu da sharri take yi.

Abin sauraronta daban ne, mutum biyu ke sa shi a kunne lokaci guda. Ta miƙo mini gefe ɗaya, ta sa ɗaya, ta naɗe hannun rigarta ta ce in auna ta. Na auna.

"Nawa kika ji?"

"Ɗari da ashirin bisa tamanin, Hajiya."

Ta cire abin daga kunnenta a hankali. "Alhamdu lillahi. Shekara goma ina shan maganin hawan jini, yau 'yata kin warkar da ni."

Mai ba da magani ya tuntsire da dariya. Hajiya ta juya ta ce masa ya fita ya jira nasa layin, kuma ya ja ƙofa. Sannan ta tambaye ni tun yaushe. Na faɗa mata gaskiya, ina kuka. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta nuna mini cewa a juye nake sa abin a kunne, kuma ba a kan jijiya nake ɗora shi ba, ga shi ina sakin iskar gaba ɗaya kamar mai sace taya. Ta kama yatsuna ta ɗora a gwiwar hannunta. Karo na huɗu na ji bugun, can ƙasa-ƙasa.

Kwana huɗu ina auna duk wanda ya gifta. Mai shara sai da ya koma ɓuya a bayan tankin ruwa. Rana ta biyar Hajiya ta sa mini hannu, amma ba ta ba ni takardar ba. Ta ce, "Ɗauko rajista. Duk wadda kika rubuta wa lambar nan kuma ba ta haihu ba, ki bi ta har gida ki auna ta."

Na bi su. Damina ce, wasu hanyoyin sai a ƙafa. Yawancinsu lafiya lau suke. A Zurgu na sami wata ƙafafunta sun kumbura, tana kukan ciwon kai, jininta ya yi sama ƙwarai. Na tsaya a kan mijinta har sai da ya nemo mota aka kai ta Rano. Ta haihu lafiya.

Ta ƙarshe a Zinyau take, cikin fari. Sau uku ta zo mini awo. Da na yi sallama a gidan sai na tarar da mata zaune a kan tabarmi, ranar sadakar bakwai. Jijjiga ce ta kama ta tana naƙuda, kafin a sami mota ta cika, ita da abin cikin.

Uwarta ta gane ni. Ta shiga ɗaki ta fito da katin a naɗe cikin leda, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Malama, mun gode da kika zo. Ai ba ta taɓa fashin awo ba, ga shi duk kin rubuta lafiyarta ƙalau. Kwana ne ya ƙare. Allah ya saka miki da alheri."

Na karɓi katin. Abin awon yana cikin jakata, a kan cinyata. Na ce amin.